Wace manhaja zan sa wa kwamfuta ta riƙa naɗar hoton kyamarorin sitona?

Mai_Sito_Dawanau:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masu ilimin kyamarar tsaro nake nema.

Ina da sito a kasuwar Dawanau. Riɗi da zoɓo da waken suya muke ajiyewa, wani lokaci har da citta idan an kawo daga kudancin Kaduna. Kyamarori shida ne a wurin, duk masu aiki da intanet, ba irin na da masu wayar eriya ba. Huɗu Hikvision ne, ɗaya Dahua, ta shidan kuma ƙaramar nan ce mai juya kai da ake haɗawa da Wi-Fi, ko suna babu a jikinta, ɗana ne ya sayo ta saboda ofis. Biyar ɗin farko daga suwici mai PoE suke shan wuta, wato irin mai ba kyamara wuta ta cikin wayar intanet ɗinta. Akwatin da ke naɗar hoton, wato NVR, ya ƙone a daminar nan daren da aka yi wata tsawa mai ƙarfi. Kyamarorin da suwicin dai sun tsira, don har yanzu jar fitilarsu tana kamawa da dare.

Akwai wata kwamfutar tebur a ofis, Dell OptiPlex, Core i5 ƙarni na 7, RAM 8GB, ba ta aikin komai tun da muka koma yin lissafi a waya. An ce mini ana iya sa mata manhaja ta maye gurbin akwatin. Wani ya ce Blue Iris, wani ya ce Frigate, wani ZoneMinder, har kaina ya ɗaure.

Bari in faɗi ainihin damuwata don a ba ni shawarar da ta dace. Ɓarawon dare bai dame ni sosai ba, muna da maigadi. Lodi da sauke kaya ne ke hana ni barci. Tirela za ta tsaya, 'yan dako su yi ta shiga da fita da buhuna, magatakarda yana rubutawa, sai ƙarshen wata an zauna lissafi a ga wasu buhuna ba su shiga littafi ba, ba su kuma cikin sito. A nan ba ka da bakin zargin kowa, mutanen nan wasu tun zamanin mahaifina suke tare da mu, kuma ɗora wa bawan Allah laifi ba hujja ba ƙaramin zunubi ba ne. Tsohon akwatin mako guda kawai yake riƙe hoto, kafin a gano giɓin ya riga ya goge ranar. Ina son abin da zai riƙe mini wata guda cur. Ina kuma son in riƙa leƙawa ta waya idan ina gida ko na yi tafiya Legas. Wutarmu sola ce da inbata, batir biyu masu 200Ah, su ne kuma ke ɗauke da fanka da fitilu da sikeli.

Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Injiniyan_Kawo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kwamfutar nan za ta ɗauki aikin ba tare da wahala ba. Amma kafin mu kai ga sunan manhaja mu fara da lissafin faifan ajiya, don shi ya hana ka ganin ranar da kake nema, ba akwatin ba.

Kyamarar da ke turo megabit 1 a daƙiƙa tana cin wajen 10.8GB a kwana guda. Yawancin masu haɗawa suna barin kyamara a megabit 4, wato wajen 43GB kowace rana. Guda shida sun kama 260GB ke nan. Idan faifan tsohon akwatinka 2TB ne, ka ga mako guda da 'yan awanni ya cika, ya fara taka tsohon hoto. Ko wace manhaja ka sa, in ba a taɓa wannan lissafin ba, abin da za ka samu ke nan.

Gyaran a cikin kyamarorin yake. A shiga kowacce a mayar da tsarin matse hotonta H.265 maimakon H.264, wannan kaɗai yana rage nauyin kusan rabi ba tare da hoton ya lalace ba. A rage yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa daga 25 zuwa 12 ko 15. Ƙirga buhu a kan ɗan dako ba ya buƙatar fiye da haka. Idan kowacce ta dawo megabit 2, rana guda 130GB ce, faifan 4TB ya kai ka wata guda. Ni da zan ba ka shawara, 6TB za ka saya ka huta, kuma irin wanda aka yi don rubutu dare da rana, WD Purple ko Seagate SkyHawk. Windows ɗin ya zauna a nasa faifan mai sauri, wato SSD, daban, kada a haɗa su faifai ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonka: kyamarar ƙofar lodi da ta cikin sito kada kowa ya sa musu naɗi sai an ga motsi. Su riƙa naɗa ba tsayawa. Naɗin motsi yakan yanke farkon abu ko ƙarshensa, kuma daƙiƙa biyar ɗin da ya yanke su ne buhun ya wuce. Ta bayan gini da ta ofis, waɗannan a bar su a motsi, a samu sauƙin faifai.

Sai batun ko kyamarorin za su yarda da wata manhaja. Akwai ƙa'idar da ake kira ONVIF, kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa ta a 2008 don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna, sannan akwai RTSP, hanyar da hoton kansa ke bi, ta ƙofa mai lamba 554. Hikvision da Dahua duk suna da su. Sai dai a Hikvision na 'yan shekarun nan ONVIF a kashe yake zuwa, sai an shiga an kunna shi an buɗe masa sunan mai amfani da kalmar sirri nasa. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa su ce kyamara ta ƙi. Don gano adireshinsu, SADP ake amfani da shi wa Hikvision, ConfigTool kuma wa Dahua, duk kyauta ne. Ka sa ɗanka ya gwada da VLC tun kafin a sayi komai. A Hikvision, bayan adireshin kyamarar ana rubuta /Streaming/Channels/101 don babban hoto, 102 don ƙarami. A Dahua kuwa /cam/realmonitor?channel=1&subtype=0, idan aka mayar da sifilin ƙarshe 1 sai ƙaramin ya fito. Duk wadda ta nuna hoto a VLC za ta yi aiki da kowace manhajar da aka lissafa maka. Ƙaramar mai juya kan nan ita ce ban ba ka tabbaci ba, da yawansu manhajar wayarsu kawai suka sani.

Manhaja kuma, tunda Windows ne a kan kwamfutar kuma ba ka da mai zama yana kula da ita, biyu zan ambata. Agent DVR kyauta ne ga mai amfanin kansa da ke kallo a wurin da aka kafa shi, amma na kasuwanci sai da lasisi, kuma ta burauza ake sarrafa shi. Blue Iris na kuɗi ne, a Windows kaɗai yake aiki, cikakken lasisinsa yana ɗaukar kyamarori da yawa. Shi na fi sa wa masu sito da gidajen mai, saboda komawa baya a nemo ranar kaza ƙarfe kaza yana da sauƙi, kuma aikinka ke nan. Ko wanne ka ɗauka, a tabbatar da abu biyu: ya riƙa rubuta hoton a faifai yadda kyamara ta turo shi, ba tare da ya sake sarrafa shi ba, sannan a ba shi ƙaramin hoton don kallo da gane motsi. In ba a yi haka ba furosesa zai yi ta zafi, fanka na ihu, wuta na tafiya a banza. Core i5 ƙarni na 7 yana da Quick Sync da ke warware H.265 da kansa, a kunna shi.

Kada a manta da BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi. A Dell akwai wurin da aka rubuta AC Recovery, a sa shi a Power On, don idan wuta ta ɗauke ta dawo kwamfutar ta tashi da kanta ko ba kowa a ofis. Agogon kyamarorin kuma duk a daidaita su da lokacin Najeriya, su riƙa karɓar lokaci daga wuri ɗaya. Hoton da ke nuna ƙarfe 3 na dare alhali rana tsaka ake lodi, ba wanda zai karɓe shi hujja a gaban shugabannin kasuwa, balle 'yan sanda.

Ɗan_Linux_Samaru:

Baba Alhaji barka da ƙoƙari. Oga Injiniya ya gama magana a kan faifai, ni dai zan ɗan sa baki wa Frigate tunda an ambace shi. Kyauta ne, a kan Linux yake zama, wato tsarin da ake sa wa kwamfuta maimakon Windows, ta cikin wata manhaja mai suna Docker, kuma abin da ya fi sauran da shi shi ne yana bambance mutum da mota da dabba. Akuya ta gifta ko ƙwaro ya zo yana zagaya fitilar kyamara da dare, ba zai tashe ka ba. A wannan OptiPlex ɗin zai iya amfani da sashen hoto na Intel ta manhajarsu OpenVINO, ba sai an sayi Coral ba, wato ɗan na'urar da ake ƙarawa don wannan aikin. Amma gaskiya saitinsa rubutu ne a fayil, layi ɗaya ya karkace sai ya ƙi tashi. Idan babu wanda ya saba da Linux kusa da kai, bar shi tukuna. ZoneMinder ma haka, ya daɗe ana amfani da shi kuma yana da ƙarko, sai dai yana son mai haƙuri.

Inda na fi so in ja hankalinka shi ne kallo daga nesa. In da layin waya kake samun intanet a sito, da wuya a ce kana da adireshin kanka a intanet. Kamfanonin waya suna haɗa dubban mutane a adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa amma lamba ɗaya ce a ƙofar waje, baƙo ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa buɗe ƙofa a rawuta ba ya aiki. Ko da ma yana aiki, kada a yi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗi a duniya, ba da wata dabara ba, kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta kawai ta riƙa gwadawa. Da su aka kai wa kamfanin Dyn hari a watan Oktoba na shekarar, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa a Amurka. A 2021 kuma an gano wata kafa a kyamarorin Hikvision da yawa da ke ba mutum damar shiga ba tare da kalmar sirri ba, kamfanin ya fitar da gyara, amma sai wanda ya sabunta manhajar cikin kyamararsa ne ya amfana. Don haka a duba naka huɗun a sabunta su.

Hanya mai sauƙi ita ce Tailscale. A sa shi a kwamfutar sito, a sa a wayarka, a shiga da asusu ɗaya, shi ke nan wayarka ta zama kamar tana cikin ofis ko kana Legas. Ga mutum ɗaya mai amfanin kansa kyauta ne. Su kuma kyamarorin a hana su fita intanet gaba ɗaya daga rawuta, kwamfutar kawai za su riƙa yi wa magana, ita ma za ta iya ba su lokaci. Idan za ka kalla a waya ka zaɓi ƙaramin hoto. Shi wajen 230MB yake ci a awa, babban mai megabit 4 kuwa 1.8GB, kuma datar ɓangare biyu ce ke tafiya, ta sito da ta wayarka.

Hajiya_Mai_Atamfa:

Alhaji sannu da wannan jarrabawa, Allah ya tsare gaba. Ni ba injiniya ba ce, shago nake da shi a Kantin Kwari, amma na yi amfani da kwamfuta na kuma yi amfani da akwati, don haka ina da abin faɗa.

Ka sayi sabon akwati mai tasha takwas ka sa masa babban faifan da Injiniya ya ce. Kwamfuta a ofishin kasuwa ba ta zama ita kaɗai. Yau yaro zai cire mata waya ya sa cajin wayarsa, gobe wani ya buɗe ta ya kalli ƙwallo, jibi Windows ya ce zai sabunta kansa ya tsaya yana jiran a danna masa wani abu. Kai kana can hankalinka kwance, sai ranar da ka zo neman hoto ka tarar kwana da kwanaki ba a naɗi komai ba. Akwati ba mai sha'awar taɓa shi, ba abin da yake yi sai aikinsa. Nawa yana cikin silin, an yi masa ramin shan iska, allon kallo kawai ke ƙasa. Duk wanda ya shigo da mugun nufi abin naɗin yake fara nema ya tafi da shi, kwamfutar tebur kuwa ba ta ɓoyuwa.

Sannan ka duba inda aka kafa ta ƙofar lodi. Masu haɗawa suna son kai ta can ƙarƙashin rufi don kada a taɓa, sai ka riƙa ganin saman kai da buhu, ba fuska. A sauko da ita kaɗan sama da tsayin mutum, ta kalli cikin sito, kada ta fuskanci hasken waje, in ba haka ba duk mai shigowa baƙi ƙirin zai fito. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge gilashin, ƙura da yanar gizo-gizo suna mayar da hoton dare fari fat.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina. Ka tara mutanenka ka gaya musu an gyara kyamara kuma tana riƙe wata guda. Ba tarko kake ɗana musu ba, kariya ce ga mai gaskiya a cikinsu, don shi ma magatakardan idan an zarge shi da ita zai wanke kansa. Kada a kafa ta inda suke canza kaya ko kewayawa, kada kuma ta bayan ginin ta leƙa cikin gidan maƙwabci inda iyalinsa suke. Addini bai yarda ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Hoton ma ba kowa za a riƙa tura wa a WhatsApp ba.

Mai_Sito_Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Ɗana ya gwada da VLC yadda Injiniya ya ce. Biyar sun nuna hoto, ta Wi-Fi ɗin ce ta ƙi, za mu bar ta da manhajar wayarta tunda ofis kawai take kallo. Ya duba tsohon faifan ma, 2TB ne, kuma kyamarorin duk a H.264 suke, lissafin ya fito daidai.

Hajiya, maganarki ta shige ni, musamman ta tara yara a gaya musu. Zan yi hakan ranar Asabar kafin a fara lodi. Ta ƙofar ma gaskiyarki ne, hulunansu kawai muke gani. A kan akwati ko kwamfuta, zuciyata ta fi karkata ga kwamfutar a yanzu, don kuɗin akwatin gara in ƙara a kan faifai, kuma akwai ƙaramin ɗaki mai makulli a bayan ofis inda muke ajiye takardu.

Injiniya, saura tambaya biyu. Batir ɗina za su kai safe da wannan ƙarin nauyin? Sannan me zan yi kada tsawa ta sake yi mini irin wannan ɓarnar, tunda yanzu kwamfuta ce za ta kasance a ƙarshen wayar?

Injiniyan_Kawo:

Alhaji, Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma a ɓangaren wuta ma akwati ya fi sauƙi, don mai faifai ɗaya bai cika wuce wat 15 ba. Akwatin kamfani ɗaya yana karɓar kyamarar wani ta ONVIF, sai dai wasu abubuwan kamar gane tsallake layi ba lallai su biyo ba. Idan ka tsaya a kan kwamfutar, to sharaɗin shi ne ɗakin nan mai makulli, babu allo babu madannai a jikinta, a sa manhajar ta riƙa tashi da kanta ko ba a shiga Windows ba, kuma ɗakin ya samu iska saboda zafin watan Afrilu.

Ga lissafin wutar. Kwamfutar da faifanta ka ba su wat 35 zuwa 40. Kyamarori da suwici da dare, lokacin da fitilunsu ke kunne, wajen wat 45. Rawuta wat 10. Ka ce wat 90 zuwa 100 gaba ɗaya. A awa 12 na dare ya haura kilowat-awa 1, ban da abin da inbata ke ci wa kanta. Batir 12V mai 200Ah kilowat-awa 2.4 ne a rubuce, amma irin mai ruwa ko mai jel rabinsa ake so a sha in ana son ya yi ƙarko. Kenan kusan batir ɗaya cikin biyun nan na kyamara ne. Zai kai safe idan batiran suna da lafiya kuma maigadi ba ya kwana da fanka biyu a kansu. Idan sun haura shekara biyu ana aiki da su, a auna su tukuna. Ka tambayi mai solarka ko faifan rana da ke sama suna iya cika su a ranar hadari, don a watan Agusta ne ake gane wannan.

Tsawa kuwa sau da yawa ta wayar kyamarorin waje take shigowa, ba ta soket kaɗai ba. A sa wa kowace wayar da ta fito daga waje ɗan abin kare tsawa na wayar intanet kafin ta shiga suwici, a sa wani a allon wutar inbata, kuma dukkansu a haɗa su da ƙarfen da aka binne a ƙasa da gaske. In babu wannan ƙarfen, abin kariyar ba shi da inda zai zubar da wutar. A duba kada wata waya ta bi ta saman kwanon rufi ko ta rataya a iska tsakanin gini biyu, a sa ta a bututun roba. Tunda za a taɓa wayoyin, a kankare bakin ɗaya a gani. In cikinta fari ne an shafa masa jan ƙarfe a sama, alminiyom ce, ba ta jure PoE a nesa, a canza ta da Cat6 mai jan ƙarfe zalla, kuma kowace kada ta wuce mita 100.

Ta ƙofar lodi da ta cikin sito, in suna da ramin katin ajiya, a sa musu microSD mai 128GB irin mai jure yawan rubutu, su riƙa naɗa a cikinsu ma. Ko kwamfutar ta tsaya kana da hoton 'yan kwanakin ƙarshe. Sannan ka ɗora wa ɗanka aiki ɗaya duk ranar Juma'a: ya buɗe manhajar, ya koma ranar da ta fi tsufa ya ga ko ta kai kwana 30, ya kunna hoton jiya na kowace kyamara, ya kuma gwada agogonsu da na wayarsa. Ranar da aka yi babban lodi kuma, a kwafe hoton awannin a filashi a rubuta lambar motar da kwanan wata a jiki, a ajiye tare da takardar lodin.